Amp Ɗari a Hayward

Jirgin da ya ɗebo mu daga Istanbul ya yi sama da awa goma sha uku bai taɓa ƙasa ba, sai San Faransisko, can ƙarshen yammacin Amurka. Na fito ƙafafu a kumbure, jikina yana cewa dare ya raba, ga rana kuwa ko faɗuwa ba ta yi ba. Ɗan yayata ne ya zo tarbata. Shi ya matsa lallai in zo in ga takwarana da aka haifa musu, tunda ban samu zuwa suna ba.

Motarsa mai amfani da lantarki ce. Ban san ya tashe ta ba sai da na ga gine-gine suna wucewa. Muka hau gadar San Mateo, wadda ta ratsa ruwan da ya raba yankin gida biyu, tsawonta ya kai kilomita 11. Wani sashe nata ya kwanta dab da ruwa har mutum ya ɗauka a kwalekwale yake. Na yaba motar. Ya ce, "Kawu, mota kam lafiya lau. Gidan ne bai shirya mata ba."

Gidan yana Hayward, a wata unguwa da aka gina a shekarun 1950, lokacin da sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suke ta aure suna neman muhalli. Gidaje ne na katako, ƙanana, kowanne da gareji da ɗan filin ciyawa. Garin a kan tsagin ƙasa yake zaune, wanda ya yi mummunar girgiza a 1868, shi ya sa na tarar da tankin ruwan zafi a gareji an ɗaure shi da bango da maɗaurin ƙarfe. Doka ce a Kalifoniya.

Abin da ya fara nuna mini wutarsu ba irin tamu ba ce shi ne butar shayi. Na jona ta da asuba, na yi alwala, na dawo ba ta tafasa ba. Soket ɗin bango a Amurka bolt 120 yake bayarwa, kusan rabin namu mai 230, kuma yawancinsu amp 15 ne iyakarsu, don haka da wuya ka ga butar da ta wuce wat 1,500. Tamu ta gida takan kai 2,000 ko fiye. Amma layi biyu ne suke shigowa gidan daga taransifoma, kowanne 120. In an haɗa su sai a sami 240, kuma da wannan ake ciyar da manyan kaya: murhun girki, injin busar da tufafi, na'urar sanyaya gida, yanzu kuma ga mota ta shigo layi.

Da hantsi ya kai ni gefen gida ya buɗe wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka, manne da mita. Akwatin rarraba wuta ke nan. A sama akwai babbar bireka da aka rubuta wa 100, ƙananan kuma a jere a ƙasanta. Amp 100 sau bolt 240, kilowat 24 ke nan, iyakar abin da gidan zai iya ja a lokaci guda kafin babbar ta faɗi. Sababbin gidaje a can yawanci amp 200 ake sa musu. Tsofaffin da aka gina lokacin da firji da rediyo da 'yan ƙwayaye su ne dukiyar gida, da yawansu 100 ne, wasu ma 60.

Tun da ya sayi motar a soket ɗin gareji yake jona ta. Amp 12 take ja a bolt 120, abin da bai kai kilowat ɗaya da rabi ba, kowace awa tana ƙara masa tafiyar mil huɗu zuwa biyar. Shi kuwa aikinsa a San Jose yake, zuwa da dawowa kusan mil 60. Kullum abin da ya kashe ya fi abin da dare ya mayar masa, sai batir ya yi ta ja da baya har ƙarshen mako, ya tafi wurin cajin kuɗi inda farashi ya fi na gida nesa. Wani mai aikin wuta ya riga ya zo, ya leƙa akwatin, ya ce sai an cire an sa mai 200. Aiki ne na dala dubbai, domin ba akwatin kaɗai ake canzawa ba. Akwai wayar da ta taso daga turke, akwai gidan mita, akwai jiran kamfanin wuta ya zo ya yanke ya mayar. Inda waya ta bi ta ƙarƙashin ƙasa kuwa har haƙa sai an yi. Shi da kansa ya tattara lambobin da ke kan ƙananan birekoki, ya ga sun haura 250, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka tuni gidan ya wuce ƙa'ida.

Ina nan mai aikin wuta na biyu ya zo, wani dattijo ɗan asalin Meziko, mai lasisin jiha. Ko kallon motar bai yi ba. Ya tambayi faɗin gidan, sannan ya bi kayan wuta ɗaya bayan ɗaya yana haska bayansu da tocila, yana karanta 'yar takardar ƙarfen da kamfani ke liƙawa. Da aka faɗa masa zancen 250 sai ya yi murmushi. Ya ce bireka ba ta faɗin abin da ake ja, iyakar abin da wayar da ke bayanta za ta ɗauka ba ta yi zafi ba take faɗi. Layin amp 15 na ɗakin kwana wataƙila ƙwai biyu da cajar waya kawai yake ciyarwa.

Ya zauna a teburin cin abinci ya fito da takarda. Littafin da suke bi shi ne National Electrical Code, wanda aka fara fitarwa a 1897, ake sabunta shi duk shekara uku, jihohi su ɗauka su yi masa 'yan gyare-gyarensu. Ƙungiyar kare aukuwar gobara ce take wallafa shi, ba kamfanin wuta ba, kuma a ƙasar da ake gina gida da katako wannan ya isa ya nuna maka abin da ake gudu. Na matso kusa, domin na ga lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Faɗin gidan ƙafa 1,300 ne murabba'i. Littafin ya ce a ba kowace ƙafa wat 3 na fitilu da soket, ya zama 3,900. Kicin yana da layi biyu na ƙananan kaya, kowanne a ƙiyasta masa 1,500, ɗakin wanki ma 1,500. An kai 8,400. Ya ƙara murhun lantarki 9,600, injin busar da tufafi 5,000, injin wanke kwanuka 1,200. Ruwan zafi da ɗumama ɗaki da gas suke aiki, bai sa su ba. Jimla 24,200. Ɗan yayata ya dube ni, don ya ga an riga an tsallake kilowat 24 tun ba a zo kan mota ba.

Dattijon bai ɗaga kai ba. Ya ce ga gidan da ake zaune a ciki, 8,000 na farko ake ɗauka cif, ragowar kuma kashi 40 cikin ɗari kawai. Ragowar 16,200 ce, kashi 40 nata 6,480. A haɗa, 14,480. A raba da 240, amp 60 da 'yan kai. Hujjar a fili take. Babu gidan da ake kunna duk kawunan murhu da tanda da injin busarwa da kowane ƙwai a minti guda. Ko an kunna ma, murhu kamawa yake yana saki, in ya yi zafi ya tsaya.

Mota ba ta samun wannan rangwamen a wurinsa, kuma a nan ya ɗan dakata ya yi bayani. Duk abin da zai ja wuta awa uku ko fiye ba hutawa, littafin yana ware shi daban, a ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda zafi taruwa yake a waya da bakin bireka in babu sararin hucewa. Mota kuwa in ta kama ja da dare ba ta saki. Saboda haka caja mai amp 48, wadda masu sayar da mota suka fi tallatawa, bireka mai 60 take buƙata. Sittin da sittin, 120, gidan ba zai ɗauka ba. Mai amp 32 tana son 40, an tsaya a bakin ɗari har an ɗan gota. Mai 24 tana son 30, jimla 90. Mai 16 tana son 20, jimla 80. Ya ajiye biro ya tambaya, "Mil nawa kake yi a rana, kuma awa nawa motar take kwana a gida?"

A ganina wannan tambayar ita ce dukan maganar, kuma na farkon bai yi ta ba. Mota irin tasa takan yi mil uku da rabi zuwa huɗu da kilowat-awa ɗaya. Mil 60 bai wuce kilowat-awa 17 ba, a ce 19 in an haɗa da abin da ke salwanta wajen caji. Amp 16 a bolt 240 ya kusa kilowat huɗu. Awa biyar ke nan. Motar tana kwana a gareji sama da awa goma. Caja mai 48 za ta gama cikin ƙasa da awa biyu, sannan ita da motar su zauna zaman jiran gari ya waye.

Akwai hanya ta biyu da littafin ya yarda da ita, wadda ta fi burge ni. Maimakon ƙiyasi, a duba abin da gidan ya taɓa ja a zahiri. Mitocinsu suna aika bayani ga kamfani da kansu, mai gida kuma yana iya sauke tarihinsa ta intanet. A ɗauki mafi girman abin da aka ja cikin shekara guda, a ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, a ɗora sabon kaya a kai. In babu bayanin shekara, a maƙala na'urar awo ta kwana talatin. Matar gidan ce ta buɗe kwamfuta ta nemo. Mafi girma ya tsaya kusa da kilowat 7, wato wajen amp 30, kuma da ta duba kwanan watan ta ce ranar walimar suna ce, da aka yini ana girki. Gidan da ake cewa ya cika, ko rabin ƙarfinsa bai taɓa kaiwa ba.

Sai dattijon ya kawo zancen wasu na'urori da ake yayi yanzu. Wata ana maƙala ta a babbar waya tana auna abin da gida ke ja, in ya yi yawa ta rage wa mota, in ya sauka ta mayar mata. Wata kuma tana raba layi ɗaya tsakanin injin busar da tufafi da mota, in an kunna injin mota ta dakata. Dariya ta kama ni. Na ce wa ɗan yayata ya faɗa masa cewa a Kano kowane gida mai inbata ko ƙaramin janareta yana da wannan na'ura, sai dai ita da baki take aiki: a kashe firiza kafin a tayar da injin ruwa, kada wanda ya taɓa dutsen guga sai an kawo NEPA. Yaro ɗan shekara goma ya san abin da sola ke ɗauka da abin da ba ta ɗauka. Mu rashi ya koya mana, su kuwa sun daɗe cikin wadata har sun manta ana iya jera kaya a bi da bi. Amma kada in yi mana kirari da yawa. Abin da suke da shi mu ba mu da shi shi ne takardar nan da ke kan tebur, da jami'in da zai zo ya duba. Mu mai wayarin yakan zaɓi kaurin waya gwargwadon kuɗin mai gida, in fis ya ƙone a naɗa masa zaren waya mai kauri a ci gaba, kuma gobarar kasuwanninmu ba ta rasa nasaba da wannan.

Ba a yanke shawara ranar ba. A ƙarshen makon muka kama hanyar Sakramento, babban birnin jihar, don in gai da wani tsohon abokin karatuna da ya daɗe a can. Muka bi babbar hanya mai lamba 580 muka haura tsaunukan Altamont. Ciyawa ta bushe ta yi ruwan zinariya, a kan kowane tudu ga fankokin samar da wuta da iska suna juyawa. Tun farkon shekarun 1980 aka fara kafa su a nan, suna cikin na farko-farko a duniya. Tsofaffin ƙanana ne masu saurin juyi, sun kashe gaggafa da shaho ba adadi, shi ya sa ake ta cire su ana sa manya 'yan kaɗan. Da muka gangara Tracy iska ta canza, sanyin teku ya tsaya a bayan dutse. Muka ɗauki hanya mai lamba 5 zuwa arewa, ta Stockton, gonaki da magudanan ruwa hagu da dama.

Mun tsaya caji a harabar wasu shaguna. Turakun cajin da ke wurin kilowat 250 aka rubuta musu, wato kowane ɗaya ya fi ƙarfin gida goma irin na Hayward. Kafin mu sha kofi mu yi sallah a gefen mota batir ya ɗauki abin da zai kai mu ya dawo da mu. Wannan ma yana cikin lissafi, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba: ranar doguwar tafiya akwai inda ake zuwa, ba sai an gina gida don ranar da ba ta zuwa sai jefi-jefi ba.

Abokina ya tarbe mu da tuwon shinkafa, muka sha hira har aka zo kan zancen. Nan take ya ce wa ɗan yayata, "Kai dai ka sa mai 200 ka huta. Ni na yi, ban yi nadama ba." Ya kai mu ya nuna mana nasa, dogo, sabo, da guraben bireka da ba a cike ba. Na so in yi masa gardama, amma da ya lissafo kayansa sai na ga gaskiyarsa. Gidansa ya kusa ninka wancan. Motoci biyu ne masu lantarki, tasa da ta 'yarsa. Tankin ruwan zafinsa na lantarki ne mai wat 4,500. Ga na'urar sanyaya gida gaba ɗaya, wadda littafin ba ya yi wa rangwamen kashi 40, cif ake ɗaukarta, domin ranar zafi yini take tana aiki. Zafin Sakramento kuwa ba wasa ba ne. Ranar 6 ga Satumba 2022 ya kai kusan digiri 47, abin da ko a Maiduguri sai an yi zancensa. Hayward da ke shan iskar teku gidaje da yawa ba su da na'urar sanyaya ɗaki sam. Tafiyar awa biyu ce tsakaninsu, amma amsar lissafin ta bambanta.

Ya kuma nuna mana wani abu da mutane ke cakuɗawa. Akwati yana iya cika ta fuska biyu: ko ƙarfinsa ya ƙare, ko guraben da ake sa bireka su ƙare. Nasa na da guraben ne suka fara ƙarewa. Wannan kuwa ana iya maganinsa da siraran birekoki masu zama biyu a gurbi ɗaya, in akwatin ya yarda da su, ko a ja ƙaramin akwati na biyu, ba tare da an taɓa wayar kamfani ba.

Inda muka rabu da shi shi ne da ya ce kowa ma ya sa babba. Na ce, "Malam, taransifomar da ke kan turken bayan gidanka gida nawa take ci da su?" Gidaje da dama ne suke rabon guda ɗaya, kuma an auna ta ne bisa zaton ba za su ja gaba ɗaya ba. In kowa ya dawo aiki da magariba ya jona amp 48, ita za ta fara gaya musu. A ranar zafin nan ta 2022 buƙatar wuta a babban layin jihar ta kai wajen megawat 52,000, har hukuma ta aika saƙo ta waya ga miliyoyin mutane tana roƙon a rage, aka rage cikin 'yan mintuna, aka tsira daga ɗauke wuta unguwa-unguwa. Najeriya gaba ɗayanta abin da layinta ke rabawa yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Gudun irin wannan cunkoson na magariba ne ya sa a yankin su Hayward wuta ta fi tsada daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare, ta yi sauƙi bayan sha biyu. Ya ce wannan matsalar kamfani ce, su ƙara taransifoma. Na ce kuɗin ƙarin a takardar wa zai fito? Matarsa ta kawo shayi, aka bar maganar.

Da muka koma, gardamar ta koma tsakanin miji da mata. Shi yana son amp 24, don a cewarsa wata rana zai dawo a makare ya fita da wuri. Ita ta tsaya a kan 16. Hujjarta ita ce tankin ruwan zafi ya tsufa, na'urar ɗumama ɗaki ma haka, in suka mutu mai yiwuwa na lantarki za a sa, gara a bar musu wuri. Ta ce, "Kawu, ka gaya masa, amp ashirin a ajiye ya fi goma." Na ce ni baƙo ne. Dattijon ne ya raba su. Ya ce zai ja waya mai kaurin da zai ɗauki amp 50 daga akwati zuwa gareji, tunda wahalar aikin a jan wayar take, amma ya sa bireka mai 20, ya saita cajar a 16 ya kulle saitin. In wata rana an ƙara ƙarfin gidan, bireka kawai za a canza a buɗe saitin.

Ya karɓo izini daga ofishin birni kafin ya taɓa komai. Bai sa soket ba, kai tsaye ya haɗa wayar cikin cajar, ya ce soket mai araha da aka yi don murhu ba ya jure ja na awa da awanni kowane dare, ya sha ganin waɗanda suka narke. Kowane noti da sukundireba mai awo ya ɗaure shi, yana duba lambar da kamfani ya rubuta, domin sako-sakon haɗi shi ke fara zafi. Aikin bai kai yini ba, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na canza akwati ba.

Jami'in birni ya zo bayan 'yan kwanaki, ya karɓi takardar lissafin ya bi ta layi-layi, ya duba kaurin waya da saitin cajar, ya ce a rubuta sunan sabuwar birekar a murfin akwati da abin da ba ya gogewa, sannan ya sa hannu. An saita motar ta fara ja ƙarfe sha biyun dare, tana gamawa wajen biyar. Abokina na Sakramento ya bugo waya ana gobe zan taso, ya ce a gaya wa ɗan yayata duk ranar da matarsa ta sayi tata motar za su neme shi. Matar ta karɓi wayar ta ce masa ta riga ta tambaya, akwai caja biyu masu rabon layi ɗaya.